Ƙugin Jitar Musaddiq

Karo na uku ke nan da Musaddiq ya sauke amfilifayar nan, wato akwatin ƙara sauti, daga keke a ƙofar shagon Malam Mansir mai naɗin koyil, wato wayar cikin inji, can bayan Kasuwar Muda Lawal, a layin masu gyaran fanka. Jitarsa tana rataye a bayansa. Tun daga Gwallameji yake ta maimaita maganar da zai faɗa wa mai gyaran, kuma ba mai daɗi ba ce.

Bai tarar da Malam ba. Wata budurwa ya tarar tana juya ɗan injin naɗi, leɓenta na motsi tana ƙirga zagayen waya. Ta amsa sallamarsa a gajarce, ta ɗaga masa yatsa ɗaya alamar ya jira. Sai da ta kai ɗari huɗu, ta rubuta a jikin kwali, sannan ta ɗago ta dube shi.

Rabin maganar da ya shirya a nan ta zube.

Sunanta Jannatu, babbar 'yar Malam Mansir. Ta gama karatun lantarki, ta ce ba za ta zauna jiran aikin ofis ba alhali ga benci a shagon babanta. Musaddiq ya yi mata bayani yana sosa ƙeya: amfilifayar ta ɗakin taron Hajiya Yagana ce, inda yake kaɗa jita a yinin biki. Sau biyu ana gyara ta a nan, amma har yanzu da ya jona sai ta kama ƙugi kamar an kulle ƙudan zuma a tulu.

Jannatu ta jona amfilifayar ita kaɗai, ta ƙure mata murya. Shiru. Ta ce ya kawo jitar. Yana jonawa ƙugin ya cika shagon.

“Malam, juya ka kalli ƙofa,” in ji ta. “A hankali.”

Ya juya, ƙugin ya ragu. Ya juyo wajen fankokin da ke aiki a kan benci, ya dawo da ƙarfinsa. Ta leƙa ɗan abin da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyin, wanda masu jita ke ce wa fikof, ta ƙwanƙwasa shi da sukudireba. Ta ce ai wannan maganaɗisu ne da aka naɗe da waya, ɗan'uwan abin da take naɗawa kullum. Aikinsa ya ɗauki motsin tsirkiya, amma ba ya zaɓe, duk hayaniyar wutar da ke ɗaki kwasa yake yi.

“To me ya sa a gida ba ta yi?”

Ta tambaye shi ina ne gidan. Ya ce bayan Gubi, wajen dam. Da ƙaramar sifika mai batir yake koyo, don unguwarsu wuta baƙuwa ce.

Jannatu ta yi iya ƙoƙarinta kada ta yi dariya, amma ta sha ƙarfinta. “Inda babu wuta, me zai kwaso? Amfilifayar Hajiya lafiyarta ƙalau. Jitarka ce.”

Ya bar lambarsa, wai ko za ta gano magani. Da la'asar saƙo ya shigo.

“Salam, Malam Musaddiq. Jannatu ce ta shagon koyil. Na bincika. Irin fikof ɗinka sunansa singil, koyil ɗaya ne. Akwai wata wai ita hambaka, koyil biyu ne da aka naɗa a saɓe, ƙugin da ɗaya ya ɗauko sai ɗayan ya kashe shi. Idan ka sa ta za ka huta.”

Sau uku ya goge amsarsa kafin ya tura.

“Wa alaikis salam, Injiniya. Na san hambaka, da ita abokina Irmiya yake kaɗawa a cocinsu. Tana da ƙarfi, amma muryarta kamar ta wanda ya ƙoshi da tuwo. Tawa garau take fita, kamar garayar kakana. Ba zai yiwu a rubuce ba, sai dai in zo ki ji.”

“Ka zo da rana, lokacin da Baba yake nan.”

Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ke nan.

Ya zo. Ya kaɗa mata wani take na kakansa, wanda makiyaya ke yi idan shanu sun doshi ruwa. Ƙugin yana nan a ƙasa, amma a samansa sautin yana tsalle ɗaya bayan ɗaya, tsaf, kamar ɗigon ruwa a kwano. Jannatu ta manta da ƙirgenta, sai da ta warware koyil guda ta sake daga farko. Malam Mansir yana gefe da dalma a hannu, bai ɗago ba.

Daga nan duk wani abin wuta da ya lalace a Gubi sai ya biyo ta hannun Musaddiq. Fankar innarsa, dutsen gugar maƙwabta, har da wata rediyo da Jannatu ta ce ta girme su su biyun. Ita tana ce masa Mai Ƙugi, shi yana ce mata Injiniyata. Kullum gardamarsu ɗaya ce. Ita ta ce aiki mai tsabta ya fi, shi ya ce murya ta fi.

“Injiniyata, yau na ji wata hambaka a situdiyo. Shiru kamar masallaci bayan an watse. Na tuna ki.”

“To ka saya mana.”

“Na tuna ki na ce, ban ce na tuba ba.”

Da ya nemi izinin zuwa zance gida, mahaifiyarta, Umma Madina, ita ta fara fitowa zaure. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta tambaye shi me yake ci da shi ban da kiɗa, ya ce yana koyar da lissafi a firamare. Ta tambayi ɗakin da zai ajiye mata 'ya, da nisansa da asibiti, da ko akwai ruwa. Ta tambaye shi ko idan lokacin salla ya yi a wajen biki yana ajiye jitar. Duk ya amsa kansa a ƙasa. Ta koma ciki ta ce wa Jannatu yaron ba laifi, sai dai yana da yawan jin kunya, kuma kunyar namiji wani lokacin alheri ce, wani lokacin kuma wahala.

Wajen Malam Mansir aka samu cikas.

Ashe tun zuwan farko Musaddiq ya riga ya ce wa Hajiya Yagana gyaran ne bai yi ba. Da ya mayar da amfilifayar a karo na uku, sai kawai ya ce an duba, bai ƙara komai ba. Hajiya kuwa ta kwashe fankokinta da sifikokinta ta kai wani shagon, kuma duk bikin da ta zauna sai ta faɗa wa mata cewa hannun Malam Mansir ya tsufa. Maganar ta zaga har ta dawo layin masu gyara.

“Kiɗan ma ba daɗinsa nake ji ba, amma ba shi ya tsaya min ba,” in ji Malam, ranar da Umma ta kawo masa zancen. “Shekara talatin ina naɗin koyil ba a taɓa dawo min da aiki sau uku ba. Yaron nan ya gano gaskiya a cikin shagona, ya sa ta a aljihu ya fita. Bai kai ta inda ya kai ƙaryar ba. Wannan zan ba 'yata? Ranar da miya ta yi gishiri a gidansa, wa zai ɗora wa?”

Ya ƙara da cewa ai ga Fakhruddeen nan, mai haɗa sola a Gwallameji, yaro mai mota da natsuwa, wata uku yana zuwa gaisuwa. Jannatu ba ta musa wa babanta ba. Ta dai faɗa wa Umma a kicin cewa Fakhruddeen ko ruwa ka miƙa masa sai ya gaya maka awa nawa zai riƙe, kamar batir.

Ta rubuta wa Musaddiq.

“Mai Ƙugi, ba mota Baba yake nema ba. Ka je ka faɗa wa Hajiya Yagana abin da ka gani a shagonmu. Shi ke nan fa.”

“Zan je, Injiniyata. In sha Allah zan gyara komai.”

Sau biyu ya isa ƙofar ofishin Hajiya, sau biyu ya gaishe ta ya juyo. Ita ce ta fara ba shi wurin kaɗawa lokacin da babu wanda ya san shi, kuma matar ba ta iya faɗa a hankali ba. Sai wata dabara ta zo masa. Idan jitar ta daina ƙugi, ai kowa zai ji amfilifayar lafiya take, sunan Malam ya wanku, shi kuma bai sha kunya ba.

Ya tafi Yelwa wajen Irmiya. Irmiya yana da wata siririyar hambaka da za ta shiga ramin tsohon fikof ɗin, ya ba shi ita kyauta. Wayoyi huɗu ne da ita, kowace da launinta. Irmiya ya buɗe tasa jitar, ya kwaikwayi yadda aka haɗa launukan, ya liƙe da dalma. Abin da su biyun ba su sani ba shi ne, kowane kamfani da nasa tsarin launin. Da ƙaramar sifikar batir suka gwada, a tsakar gida. Musaddiq ya ji muryar ta sirance, amma ya ce wa kansa baƙunta ce.

Fakhruddeen ne ya gan shi yana shiga wajen Irmiya da jitar, kuma bai kai labarin gidan Malam da mugunta ba, shi dai mutum ne da ba ya iya riƙe bayani. A gidan masu gyara kuwa babu cin fuskar da ta kai a ɗauke aikin da ka fara dubawa a kai wa wani hannun. Jannatu ta tura masa saƙo.

“Na ji ka kai jitarka Yelwa an buɗe ta. Wata biyu ina roƙonka ka bar ni in sa maka hambaka, ka ce muryar kakanka. Ashe hannuna ne ba ka yarda da shi ba, kamar na Baba. Allah ya ba da sa'a.”

“Jannatu, ba haka ba ne. So nake in ba ki mamaki.”

Ta karanta, ba ta amsa ba. Kwana takwas tana naɗin koyil ba ta kuskure ko zagaye ɗaya, ba ta kuma dariya. Umma tana kallonta, tana ƙara mata nama a miya.

Ranar Asabar aka yi yinin bikin 'yar ƙawar Umma a ɗakin taron Hajiya Yagana. Bayan la'asar wuri ya cika da mata, aka tayar da janareta, fankoki goma sha biyu suka kama juyi. Umma tana layi na uku.

Musaddiq ya jona jitarsa da ƙwarin gwiwa. Ƙugin da ya fito ya fi na kullum, muryar jitar kuwa ta koma kamar ta mai mura yana magana ta hanci. Mata suka fara toshe kunne. Hajiya Yagana ta taso tana gyara mayafi, tana faɗa da ƙarfi cewa ga irin aikin tsohon nan na bayan kasuwa, gobe za ta jefar da amfilifayar ta huta.

Musaddiq ya dubi jitar, ya dubi Hajiya. Ya sa hannu ya zare wayar jitar daga amfilifayar. Ƙugin ya ɗauke ɗif. Ya karɓi makirfo daga hannun mai gabatarwa.

“Hajiya, ki yi haƙuri. Iyayena mata, ku yi haƙuri. Kun ji muryata tana fita tas? Ta cikin amfilifayar nan take fita. Lafiyarta ƙalau, tun gyaran farko. Jitata ce take ƙugi. Na sani wata uku ke nan, kunya ta hana ni faɗa. Malam Mansir bai yi kuskure ba, ni na ɗora masa.”

Hajiya Yagana ta riƙe ƙugu ta yi masa wankin babban bargo a gaban kowa. Ta ce ya sa ta ci naman bawan Allah a bikin mutane har bakwai, yanzu da wane ido za ta kalle shi. Ya tsaya ya shanye, bai kare kansa ba. Da ta gaji ta ce ya ajiye jitar ya yi musu waƙar da baki, tunda dai amarya ba za ta zauna shiru ba. Haka aka yi, mata suka riƙa tafi suna ba shi amshi.

Umma ta koma gida ta ba Malam labari tiryan-tiryan, har da yadda gumi ya jiƙa wa yaron riga. Ta rufe da cewa ita dai ta ga abin da take son gani. Malam ya ce uhm.

Ranar Litinin da hantsi keke biyu suka tsaya a ƙofar shagon. Na farko fankokin Hajiya Yagana ne, da ita kanta, ta ba da haƙuri da irin muryar da take faɗa da ita, har maƙwabta suka leƙo. Na biyu Musaddiq ne. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ɗora jitar a kan bencin Malam da tsohon fikof ɗin a cikin leda. Jannatu tana can ƙarshen benci, ta ƙi ɗagowa.

Malam ya daɗe yana kallon jitar kamar ba zai taɓa ba. Amma mai naɗin koyil ba ya iya ganin koyil ya kau da kai. Ya ɗauko tabarau, ya kwance hambakar, ya ɗaga ta a haske. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin waya mai sirantar wannan ba, gashin jariri ma ya fi ta kauri. Ya sa mitar awon wuta ya bi wayoyin huɗun ɗaya bayan ɗaya, sai ya yi tsaki. An juya koyil guda. Maimakon su kashe ƙugin su haɗa murya, sai suka kashe murya suka haɗa ƙugin.

Ya sauya wayoyi biyu, ya ce a jona. Fankoki uku na juyi a kan benci, amma ko ɗis. Musaddiq ya kaɗa taken kakansa. Sautin ya fito da kauri, da cika, babu datti ko kaɗan. Malam ya gyaɗa kai, irin na wanda aka yi abu yadda yake so.

“Jannatu, mayar masa da tsohon mu ji.”

Ta matso ba ta kalli Musaddiq ba. Tana liƙa dalma ya ce a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji, “Injiniyata, na yi wauta.” Ta ce, “Riƙe min nan, kada ka motsa.” Ya riƙe. Gefen bakinta ya ɗan motsa.

Aka jona. Ƙugin ya dawo, taken ya hau samansa garau.

“To, ka ji biyun,” in ji Malam. “Ni ka san wanda na fi so. Wanne za a bar maka?”

Musaddiq ya san amsar da za ta yi wa tsohon daɗi, kuma ya san abin da ke rataye da ita. Ya dubi hambakar da ke kan benci.

“Baba, hambakar ta fi tsabta, ban musa ba. Amma idan na kaɗa da ita ba na jin kakana a ciki. Singil ɗin nake so.”

“Da ƙugin nasa?”

“Da shi. Zan riƙa tsayawa nesa da janareta, in rage murya tsakanin waƙa da waƙa. Amma ba zai tafi duka ba.”

“Ranar da ya yi a gaban jama'a, aka tambayi laifin wa, me za ka ce?”

“Zan ce jitata ce, kuma ni na zaɓa.”

Malam Mansir ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce da yaron ya zaɓi hambakar don ya faranta masa, da ya ɗaure masa ita da kyau ya sallame shi har abada. Ya jawo wata fankar Hajiya ya fara kwancewa, kamar an gama magana. Sai can, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, “Ka ce wa manyanka ina gida ranar Juma'a bayan an sauko.”

Jannatu ta ajiye abin liƙa dalma a inda ba a ajiye shi, sai da warin ƙonewar katako ya tashi sannan ta farga.

Bappa Bakari, ƙanin mahaifin Musaddiq, shi ya jagoranci masu neman aure daga Gubi, da goro da alewa da ƙwaryar man shanu. Fakhruddeen ya ɗauki abin da mutunci, har ya zo ya ba da shawarar girman batirin da zai ishi ɗakin amarya. Umma kuwa sai da ta je da ƙafarta ta ga ɗakin, ta buɗe famfo, ta sa aka ƙara sakata a ƙofar baya.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Ana shafa fatiha saƙo ya shiga wayar amarya, tana tsakiyar ƙawayenta da lalle a hannu, sai da wata ta riƙe mata ta karanta.

“An ɗaura, matata. Alhamdulillah.”

Ta sa aka rubuta mata: “Alhamdulillah, mijina. Ka ci abinci, na san tun safe ba ka ci komai ba.”

Da yamma, kafin a fita da amarya, aka kai su gaban Malam su biyu. Umma ta riga ta yi nata kukan ta gama, ta yi wa 'yarta nasiha a ɗaki, ta kuma ja angon gefe ta yi masa tasa, wadda ta fi tsawo. Kowa ya zaci Malam zai yi dogon jawabi. Ya ɗora hannu a kan 'yarsa ya sa mata albarka, ya yi gyaran murya ya juya ga surukinsa.

“Na ba ka mako biyu. Bayan nan akwai fankokin mutane guda shida suna jiranta, kuma idona ba ya ganin siririyar waya kamar da. Ka riƙa kawo min ita da safe.”

“Da kaina zan riƙa kawo ta, Baba.”

Daga cikin mayafi aka ji amarya ta yi dariya da hawaye tare. Mata suka rangaɗa guɗa, aka buɗe mata ƙofar mota.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Mu kuma da muke renon 'ya'ya mata, Allah ya kawo wa namu wanda zai iya tsayawa gaban jama'a ya ce laifin nasa ne. Amin.